Kisa Ba Shi Ne Mizani Ba: Yadda Wani Tsohon Ɗan Dambe Ke Auna Yaransa a Ƙasar Kura

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya kusa garin Kura, zai ga abin da mutanen dā ba su taɓa gani ba a wannan ƙasa, watau gonaki kore shar a tsakiyar watan Fabrairu, alhali kuwa ko'ina ya bushe ƙurmus. Ruwan da ya kawo wannan ni'ima daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974. Daga can ya biyo babbar kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, ya shayar da ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan shinkafa da alkama da tumatir da wannan ruwa ya haifar, amma ba a cika waiwayar abin da ya yi wa wasannin samari ba. Wannan maƙala ta ta'allaƙa ne a kan wani dattijo na wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa, yau kuma yake horar da masu tasowa. Abin da za a duba shi ne yadda yake gane yaro ya isa shiga fage ko bai isa ba, da kuma yadda awonsa ya haɗu da na masu horar da 'yan damben zamani da ake yi cikin keji.

Mutumin da Sana'arsa

Wannan dattijo Barunje ne ɗan Barunje, watau mahauci ne na gado, kuma sanin kowa ne dambe wasan mahauta ne tun asali, kamar yadda kokawa ta fi zama ta manoma, sharo kuwa na Fulani. Yana ɗan yaro ya ga katafila tana tsaga gonakin geron garinsu don haƙa kanal. Ya ɗaura zare tun gemu bai fito masa ba, ya bi ubangidansa gari-gari, ya kashe, an kashe shi. Yau furfura ta game kansa, gaɓoɓin hannunsa na dama sun yi kauri, tabon tsaga kuwa yana nan jere a damtsensa. Da safe yana kan teburin nama a kasuwa. Da la'asar sakaliya kuwa yaransa shida ko bakwai sukan taru a wani fili da ke bayan kanal, inda ake shanya shinkafa.

A dambe ba a san kalmar koci ba, ubangida aka sani da yaronsa. Wannan dangantaka kuwa a cikin suna ake ganin ta, shi ya sa ake jin Shagon wane, da Autan wane, da Bahagon wane, da Garkuwan wane. Ma'anar haka ita ce ubangida ya ba da sunansa jingina. In yaro ya yi kisa, makaɗa sun ambaci maigidansa. In ya faɗi, da sunan maigidan ya faɗi. Suna kuwa a wannan wasa ba ƙaramin abu ba ne, don har gobe ana tuna Shago saboda waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi masa.

Shi wasan kansa ƙa'idarsa ba ta da tsawo. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare har ya zama kamar gungume, ɗaya hannun kuwa ya miƙa shi a buɗe don kāriya da auna tazara, kamar mashi da garkuwa ke nan. Ana kuma duka da ƙafa. Akan yi turmi uku, duk wanda aka buge har hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, to an kashe shi. In turmi uku suka cika babu kisa, sai a raba su.

Ruwa Ya Cinye Rani

A dā dambe ɗan kaka ne. In an kai amfani gida, rumbuna sun cika, sai bukukuwa su kankama, mahauta su riƙa zagaya garuruwa suna yanka, kalangu na biye da su, samarin gari su fito su gwada ƙwanji da baƙi. Daga nan har faɗuwar ruwa jiki a huce yake, mai son wasa yana da wata biyar ko shida na koyo.

Ruwan Tiga ya rushe wannan tsari. Da damina shinkafa ce. Ba a gama bugunta ba sai a shiga gyaran fangali don alkama, wadda ba ta yi sai da sanyin hunturu. Ana cikin haka tumatir ya nuna, a yi ta jidar kwanduna zuwa Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke lodi su nufi Legas. Kafin a ankara an zuba irin shinkafar wata daminar. Saurayi ya huta da tafiya cin-rani, aljihunsa ba ya rabo da 'yan kuɗi, cikinsa ba ya rabo da abinci, kuma wannan alheri ne da ba mai musun sa. Amma fa ya rasa hutu. Wanda ya wuni yana ban-ruwa, ko ya kwana gadin injin, shi ne zai zo fili da yamma da jiki a mace.

Dattijon yakan ce wa yaransa: “Ƙarfin gona daban, ƙarfin fage daban.” Abin da yake nufi shi ne ɗaukar buhu da kwando yana gina ƙwanji, amma yana ɗaure kafaɗa, ɗan dambe kuwa sakakkiyar kafaɗa yake bukata. Wannan magana tana da shaida ko a waje. Francis Ngannou na ƙasar Kamaru, wanda ya zama zakaran masu nauyi na gasar UFC a watan Maris na 2021, tun yana yaro yake haƙar yashi a garinsu Batié, amma duk da ƙarfin da yashi ya ba shi, sai da ya zauna a hannun masu horarwa a birnin Faris kafin ƙarfin nan ya zama wasa.

Dalilin Aron Sikeli

Akwai wani abu da baƙo zai yi mamakinsa a filin wannan dattijo. A farkon kowane wata yakan tasa yaransa gaba zuwa shagon wani mai sayen shinkafa shanshera, su hau sikeli ɗaya bayan ɗaya, wani almajiri ya rubuta masa nauyin kowa a bayan takardar siminti. Tsofaffin abokansa sun sha yi masa dariya, suna cewa ko yara sun zama buhuna ne. A damben da suka gada ba a san awo ba. Mutum yakan fito fage ya yi kirari, wanda ya ji zai iya ya taso, kuma babu abin da ke ƙayatar da 'yan kallo kamar ƙaramin mutum ya kashe ƙato.

Shi ma a kan wannan ra'ayi ya tashi, har sai da abu ya faru da yaronsa na fari. Yaron nan siriri ne mai zafin nama, ya yi kisa bakwai a jere a ƙauyukan da ke kewaye, har aka fara kiran sa Shagon maigidansa. Ran nan aka yi wani babban wasa bayan yankan shinkafa, wani baƙo mai jiki ya fito ya rasa abokin karawa. Makaɗa suka juya kalangu wajen yaron, jama'a suka ɗauka. Ubangidan ya ga bambancin jiki sarai, amma daɗin suna ya rufe masa ido, ya ɗaure wa yaron zare da hannunsa. A turmi na biyu baƙon ya same shi a gefen kunne, ya faɗi ta ƙeya. Ya farfaɗo, aka shafa masa ruwa, kuma bayan kwana tara ya sake shiga wani wasan, aka sake buge shi a wuri guda.

Wannan yaro yana nan da rai, ya zama magidanci. Amma maganarsa ta yi nauyi, yakan manta abin da aka aike shi, ba ya iya jimre rana. Aikinsa yanzu ɗaure bakin kwandunan tumatir a inuwa. Duk ranar kasuwa dattijon yakan ƙulle tsoka ya aika gidansa, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa dalili ba, ko da yake babu wanda bai sani ba. Hausawa kan ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Shi kuwa a gidansa ya gani. Daga nan ya koyi abu biyu: na farko, zuciya ba ta cike giɓin nauyi; na biyu, kisa bakwai ba su nuna yaro ya nuna ba, abin da suka nuna kawai shi ne bai gamu da mai ganin ɓarakarsa ba tukuna.

Abubuwan da Yake Dubawa

Horon da yake bayarwa ba shi da kayan aiki. Da asuba yara su yi gudu a gaɓar kanal daga wannan gada zuwa waccan. Da yamma su daki buhun da aka cika da ɓuntun shinkafa aka rataye a reshen mangwaro, sa'an nan su kara da junansu da hannu naɗe da tsumma kawai, ba zare. Yakan sa su kokawa kuma, don a ganinsa wanda bai san yadda ake kayar da mutum ba bai san yadda ake tsayuwa ba. Shi dai yana zaune a kan turmi, ba ya yawan magana, abu huɗu yake dubawa.

Na farko ƙafa. Yakan sa a share fili a yayyafa ruwa kafin a fara, in an gama sai ya tashi ya karanta sawu kamar maharbi. Wanda sawunsa suka harɗe, ko dugadugansa suka nutse, to a kan diddige yake tsayuwa, kuma iskar naushi ma ta isa ta zaunar da shi.

Na biyu garkuwa. Kowane sabon shiga hankalinsa yana kan hannun duka, amma dattijon ba ya ko kallon wannan hannu. Idonsa yana kan hannun da ke buɗe: in yaro ya kai duka, garkuwar tana nan a gaban fuska, ko kuwa ta sauka tare da shi?

Na uku numfashi. Ba ya auna kowa a turmin farko, don a nan kowa zaki ne. A turmi na uku yakan kira sunan yaro ya yi masa wata tambaya ta banza, alal misali nawa aka sayar da kwando jiya. Wanda ya amsa da cikakkiyar magana yana da saura. Wanda ya amsa da haki ya ƙare.

Na huɗu kuwa, wanda ya fi ba muhimmanci, shi ne halin yaro sa'ad da aka same shi. Wani in ya ji duka sai ya rufe ido, wani ya fusata ya afka ba lissafi, wani kuwa ya ja da baya taki ɗaya, ya gyara tsayuwa, ya dawo. Na ƙarshen nan kaɗai yake ɗauka ɗan dambe. Daɗin daɗawa, duk wanda ya faɗi ta kai, ko a wajen gwaji ne, sai ya zaunar da shi ya tambaye shi ranar da ake ciki da abin da ya ci da safe. In ya yi inda-inda, ko ya yi amai, ko ya kwana da ciwon kai, to ya aika shi asibiti, kuma ba shi ba zare sai wani watan ya tsaya ya shuɗe.

In aka tambaye shi yaushe zai saki wane, sai ya nuna gadon irin shinkafa ya ce iri in an cire shi bai isa dashe ba ruwa ne zai kwantar da shi, in kuma an bar shi ya wuce lokaci ba zai yi 'ya'ya ba. Aikin manomi shi ne sanin ranar.

Damben Keji

Yaran zamani ba Shago kaɗai suka sani ba. A gidajen kallo na Kura da wayoyin hannu suna ganin wani irin dambe da ya gauraya naushi da shuri da kokawa da shaƙa, wanda ake yi cikin keji mai kusurwa takwas. Babbar gasarsa, watau UFC, an fara ta ne a birnin Denba na Amurka a 1993. Abin lura a nan shi ne a wasan farko babu rabon nauyi, babu alƙalai masu ba da maki, ƙato da ƙarami duk fage ɗaya, tamkar dai damben kaka. Sai daga baya aka raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi, aka tsayar da turmi uku na minti biyar-biyar, ko turmi biyar in wasan kambu ne, aka sa alƙalai uku masu ba wanda ya ci turmi maki 10, aka kuma ba likita ikon hana wanda aka sumar wasa na makonni ko watanni. Ashe su ma sai da suka ga uwar bari suka nemi sikeli.

Masu horarwa a can sun raba aikin da dattijon nan yake yi shi kaɗai. Akwai mai koyar da naushi, da mai koyar da kokawa, da mai kula da ƙarfi da numfashi, da mai kula da abinci. Ana ƙirga dukan da ɗan wasa ya kai da wanda ya shiga, da sau nawa ya kayar, sau nawa aka kayar da shi, a kuma zauna a yi ta maimaita hoton wasan abokin hamayya ana neman ɗabi'ar da yake yi bai sani ba. Kayan awo sun bambanta, amma in aka duba da kyau, abin da ake nema ɗaya ne da abin da ake karantawa a jiƙaƙƙiyar ƙasar bayan kanal.

Ranar da Yaro Ya Saci Jiki

Cikin yaran dattijon na yanzu akwai wani ɗan ƙanensa, wanda ya fi sauran nisa. Ya iya kokawa, ƙafarsa tana da kyau, numfashinsa ya kai turmi biyar ma ba uku ba. Burinsa ya shiga gidan dambe na Kano, inda ake karawa tsakanin Kudu da Arewa da Guramada, a ɗauke shi hoto a watsa, ko Allah ya sa masu shirya manyan wasanni su gan shi. Shekara biyu yana roƙo, amsa ɗaya yake samu.

“Baba, wa ya rage a nan ban buge ba?”

“Babu, ɗana. Amma garkuwarka tana bin mashinka. Bari sai an yanke alkama.”

Bai bari ba. Wata ranar Lahadi ya bi motar tumatir ya shiga birni, ya sami wanda ya ɗaure masa zare, ya kara da wani da ya girme shi, ya kashe shi a turmin farko. Kafin ya iso gida hoton ya riga shi, samari suka tare shi tun daga bakin titi. Da magariba ta wuce ya zo ya durƙusa gaban dattijon, ya miƙa masa waya da kuɗin da aka liƙa masa, yana jiran ɗaya daga cikin biyu, ko faɗa ko yabo.

Dattijon bai taɓa kuɗin ba. Ya kalli hoton sau ɗaya, ya ce a mayar, a kuma rage masa gudu. Aka rage. Sai ya ɗora yatsa a kan gilashin ya ce: “Ga ɗaya.” Can kuma ya ce: “Ga biyu. Ga uku.” Sau uku cikin wannan ɗan gajeren wasa yaron ya kai duka garkuwarsa ta sauka har ƙugu, haɓarsa a fili. Ya ce: “Ba kai ka kashe shi ba, makantarsa ce ta kashe shi. Yanzu kuwa duk mai waya a ƙasar nan ya ga ƙofar gidanka a buɗe.”

Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai ko manyan duniya suna da irin wannan, kuma ba ta hana su cin kambu ba. Don ya kafa hujja sai ya ambaci gwaninsa, Kamaru Usman, haifaffen Auchi, wanda ya ci kambu a watan Maris na 2019, ya yi nasara 15 a jere a UFC. Wani daga cikin yaran ya ce to a nuna wa Baba wasansa na watan Agusta na 2022. Aka nemo. A wasan nan Usman yana gaba a maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi turmi na biyar, sai Leon Edwards ya yi kamar zai kai naushi da hagu, Usman ya kauce ya sunkuyar da kai gefe, ƙafar hagu ta tarye shi a nan, ya faɗi sumamme. Dattijon, wanda bai taɓa jin sunan ko ɗayansu ba, ya ce a mayar masa sau biyu. Sa'an nan ya ce: “Wannan ba sa'a ba ce. An daɗe ana karanta shi. Nasara goma sha biyar ba ta toshe ɓaraka, ɓoye ta take yi.”

Washegari da asuba ya ce wa yaron ya raka shi kai tsoka wani gida. Suka tarar da mai gidan zaune a ƙofa yana gyaran igiyar kwando. Ya gaishe da tsohon ubangidansa da murna, ya tambayi yaron sunansa, aka gaya masa. Kafin su tashi ya sake tambaya har sau biyu. A hanyar dawowa ba wanda ya ce uffan. Da la'asar aka ga yaron a fili, an ɗaure masa hannun duka a bayansa da rawani, wani ƙaninsa yana kai masa duka yana tarewa da garkuwa kaɗai. Haka ya yi ta yi har aka yanke alkama.

Kammalawa

Mai karatu zai lura cewa wannan dattijo bai ƙi zamani ba, bai kuma bi shi ido rufe ba. Ya ari sikeli don idonsa ya taɓa yaudarar sa, ya karɓi waya don tana tsayar masa da abin da ke wucewa kamar walƙiya. Amma sikeli nauyi kawai yake faɗa, waya kuwa abin da ya faru take nunawa; ba ɗayansu da zai ce wa yaro “dakata” a ranar da gari duka ke ce masa “shiga”. Wannan sai mutumin da sunansa ke rataye a wuyan yaron, wanda kuma zai ci gaba da haɗuwa da shi a kasuwa shekara talatin bayan kalangu ya yi shiru.

Yanzu da damben gargajiya ya shiga hannun masu shirya wasanni da masu ɗaukar hoto, kuɗi ya ƙaru, gaggawa ma ta ƙaru. 'Yan kallo kisa suke ƙirgawa, kuma ba laifinsu ba ne, don shi suka biya su gani. Amma ya kamata masu nazarin al'adun Hausawa su waiwayi waɗannan iyayengiji tun suna raye, su tattara irin awon da ke cikin kawunansu, domin an adana kirarin 'yan dambe da waƙoƙinsu, ilmin da ya raine su kuwa yana tafiya kabari tare da masu shi. An ce dattijon ya yi wa ɗan ƙanensa alkawarin zai raka shi Kano da kansa bayan yankan shinkafa, ya ɗaure masa zare da hannunsa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: sai sun hau sikeli shi da abokin karawarsa tukuna.